Na Hau Rufin Ɗakin Zane Don In Tare Ruwa, Aka Kira Ni Ɓarawo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'armu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗa ke yi wa mahaifi, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da duk waɗanda kuke jan ragamar jami'ar nan tare. Ya aiki, ya haƙuri da mu? Allah ya taya ka riƙo.

Sunana Lawali, mutumin Katuru ne ni, ta ƙasar Shinkafi. Ina ajin ƙarshe a sashen zane da isar da saƙo ta hoto, wanda ɗalibai ke kira girafik, a ƙaramin reshen jami'arka da ke Kaura Namoda. Ko in ce ina ajin ƙarshe har zuwa farkon daminar nan, domin yanzu an dakatar da ni, an manna hotona a ƙofar shiga, an kuma gaya wa masu gadi kada su bar ni in taka harabar makaranta. Laifin da aka ɗora mini shi ne yunƙurin sata.

Ban ambaci sunan jami'a ba, ba kuma zan ambaci sunan wani ma'aikacin da ya ƙuntata mini ba, domin ban zo tona asirin kowa ba. Kai ka san gidanka. Na bi hanyar da doka ta ce a bi, na rubuta ta hannun sashe, ban ji komai ba. Na yi takakkiya har hedikwata, na zauna a kan bencin da ke gaban ofishinka tun hantsi har aka tashi aiki, aka ce mini kana mitin. Da na sake komawa aka ce ka yi tafiya. Na tabbata labarina bai taɓa isa kunnenka ba, shi ya sa na kawo shi inda jama'a za su gani, ko Allah zai sa wani ya ajiye maka shi a kan teburi.

Na farko, ina so ka san abin da ya kawo ni wannan karatu, don ka auna ko mutum irina zai saci kayan ɗakin da aka ce na je sata.

Tun ina yaro nake zane. Da gawayi na fara a bangon gidanmu, ina shan duka. Da na shiga sakandare a Shinkafi sai na koma rubuta sunaye a ƙofar shaguna da zana fure a jikin babura ranar kasuwa, da haka nake sayen sabulu da littafi. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin karatu ba, sai da ƙaramar 'yar da yayata Hajara ta haifa ta rasu. Yarinyar ba ta daɗe da fara tafiya ba zazzaɓi ya kama ta. Mijin Hajara ya hau babur ya zo Shinkafi ya sayo magani na ruwa, mai shagon ya yi masa bayani da baki, shi kuma ya kai wa matarsa abin da ya riƙe daga bayanin. Rubutun jikin kwalba duk Turanci ne, gidan kuma ba mai karatun boko. Hajara ta ga jikin ya ƙi sanyi, sai ta ajiye ɗan murfin awo ta ɗauko cokalin cin abinci, tana ba ta tana ƙarawa, don a ganinta yawan magani shi ne saurin sauƙi. Yarinya ta yi barci ba ta farka ba. Mun san kwana ne ya ƙare, amma da na zo gaisuwa na ɗauki kwalbar na karanta, na ga duk abin da zai hana wannan yana nan a rubuce, da ƙananan haruffa, cikin harshen da uwar ba ta ji.

Daga ranar na ƙudurta cewa zan koyi yadda ake faɗa wa mutum magana da hoto, yadda wanda bai taɓa shiga aji ba zai duba ya gane. Da na ji akwai sashen da ake koyar da haka a Kaura, na roƙi mahaifina. Manomi ne, bai san me ake nufi da kwamfuta ba, amma ya san abin da ya sami jikarsa. Ya sayar da bijimin huɗarsa ya kawo ni. Ba a jima ba 'yan bindiga, waɗanda muke kira mutanen daji, suka kore sauran dabbobin, suka tashi garin, iyayena suka koma Shinkafi suna zaune a gidan surukai. Tun daga lokacin ni ke riƙe da kaina, ina yin kabu-kabu da babur ɗin wani bayan an tashi darasi.

Na biyu, batun malaminmu da yadda aka rufe ɗakin zane.

A reshen Kaura muna da ɗaki ɗaya mai kwamfutoci da babbar firinta, shi ne zuciyar sashen. Wanda ke riƙe da shi Malam Istifanus ne, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya daɗe a Kaura har 'ya'yansa ba su san wani gari ba. In ba wuta, shi ke sayo man janareta daga aljihunsa. A hannunsa na fara kama linzamin kwamfuta. Shi ya koya mana yadda ake zaɓen launi, da yadda ake ba haruffa sarari su sha iska, da abin da ido ke fara gani a takarda da abin da yake gani daga baya. Yakan ce duk hoton da sai an tsaya an yi wa mutum bayaninsa, mai zanen bai gama aiki ba.

Da na gaya masa aikin kammalawata zai zama sitika ta hotuna da za a liƙa a kwalbar maganin yara, bai yabe ni ba. Cewa ya yi in kwashi zanen in kai wa matan da ke bin layi a asibitin Shinkafi, in rufe bakina in ji abin da za su ce. Na kai. Na zana rana tana fitowa don nufin safiya, wata mata ta ce ƙwarya ce a kife. Na zana cokali, wata tsohuwa daga Galadi ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce mini, "Ɗana, wanga ludayi na ko cokali?" Da an buga shi haka, da na zama sanadin abin da na zo hanawa. Na koma na sake. Na sa zakara yana cara a madadin asuba, mutum tsaye inuwarsa a ƙarƙashin ƙafa a madadin tsakar rana, kaji suna shiga akurki a madadin magariba. Na zana ɗan murfin awo a tafin hannu don a ga ƙanƙantarsa, na ja jan layi a kan cokalin abinci. Na yi ta kai da kawo tsakanin Kaura da Shinkafi a kan hanyar da kowa ya san halinta, har ranar da na miƙa wa wata mai goyo takardar, ta duba ta faɗa mini duk abin da nake nufi ba tare da na ce uffan ba. Ranar na ga Malam Istifanus ya yi dariya har da tafi.

Duk wannan aiki yana cikin kwamfutar da ke kusa da taga a ɗakin zane. Ba ni da kwafinsa a wani wuri, domin Malam ya hana a sa filashi a kwamfutocin tun da cuta ta taɓa shiga ta lalata wasu. Abin da ke hannuna 'yan hotuna ne da na ɗauka da waya daga fuskar kwamfuta, ba su buguwa.

A bara Malam ya tafi Gusau sayo tawadar firinta, aka tare motarsu a hanyar dawowa. Ya daɗe a daji. Da 'yan cocinsu da mu ɗalibai da maƙwabtansa Musulmi aka yi ta fafutuka har Allah ya kuɓutar da shi. Ya dawo a rame, ko kofin shayi ba ya iya riƙewa sosai. Bai yi wata guda ba ya haɗa kayansa ya koma garinsu da iyalinsa. Ba wanda ya ga laifinsa. Ya miƙa mabuɗin ɗakin ga shugaban sashe, aka sa kwaɗo, aka ce ba za a buɗe ba sai kwamiti ya zo daga hedikwata ya ƙidaya kayan ciki, an kuma turo wani malami. Har yau da nake rubuta wannan, ba kwamiti ba malami.

Ranka ya daɗe, ko an gaya maka yadda ake koyar da zanen kwamfuta a reshenka tun daga lokacin? An aro mana malami daga wani sashe, mutumin kirki ne, amma ba fanninsa ba ne, shi ma yana faɗa. Yana karanto mana daga littafi cewa in ana so a yanke hoto sai a danna kaza, mu kuma muna rubutawa. Muna zana fuskar kwamfuta da biro a takarda, mu haddace, mu zuba a jarrabawa. 'Yan ajin farko da aka ɗauka bana ba su taɓa ganin cikin ɗakin ba sai ta taga. Kamar a ce ana koya wa mutum iyo ne a kan tabarma. Mai hali ya sayi tasa kwamfutar ko ya koma wata makaranta. Irinmu muna fama da waya mai fasasshen gilashi, muna matse ido har ya yi ja. Mun yi haƙuri da duk wannan, domin mun ɗauka kayan suna nan lafiya, wata rana za a buɗe.

Na uku, abin da ya faru ranar da aka kama ni. Ina roƙon ka karanta wannan a tsanake, domin ba a taɓa ba ni damar faɗarsa a gaban wani mai iko ba.

Ruwan farko na bana ya zo da iska mai ƙarfi, ta ɗaga kwanon rufin ɗakin zane ta kusurwar gabas. Washegari muka leƙa ta taga muka ga silin ya jiƙe ya yi ciki, ruwa na ɗiga a kan tebur, ƙasa ta zama kududdufi. Muka ruga wurin shugaban sashe, ya ce gyaran gini ba hurumin sashe ba ne, mu je sashen ayyuka. Can aka ce ba su da ikon taɓa ɗakin da aka rufe da umarnin hedikwata. Muka roƙa a buɗe kawai a matsar da kwamfutoci gefe, a sake rufewa a gaban kowa. Aka ce mabuɗin yana wurin mai kula da sito, mai sito ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Aka sake yin ruwa, wani ɓangare na silin ya rufto. Ina tsaye a taga ina kallon ruwa yana bin ledar da aka lulluɓa wa kwamfutar da aikina ke ciki, ba abin da zan iya.

Akwai 'yar ajinmu, Rifkatu, mahaifinta kafinta ne a cikin gari, Baba Yohanna, shi ke gyara kujeru da ƙofofin reshen in sun lalace. Ita ma aikinta na kammalawa yana cikin ɗakin. Wata Asabar bayan azahar muka ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin daga gabas, ta same ni a bakin titi inda nake jiran fasinja, ta ce babanta ya yarda ya ara mana tsani da tamfol, mu rufe ɓarakar kafin ruwa ya sauko. Muka ɗauko. Da rana, ido na ganin ido, muka shiga ta babbar ƙofa, muka gaya wa maigadi abin da za mu yi. Ya ce shi ba shi da ikon ba mu izini, ba kuma zai hana aikin alheri ba. Na hau, Rifkatu tana riƙe da tsani tana miƙo mini duwatsun da zan danne gefen tamfol. A ƙuguna akwai guduma da 'yan ƙusoshi don in kama kwanon da ya ɗaga.

Na shimfiɗa tamfol ya rufe ramin, saura in danne kusurwa ɗaya, sai ga babban jami'in tsaro da mutanensa. Ya daka mini tsawa in sauko. Da ya ga guduma sai ya ce ai magana ta ƙare, kwano nake ɓarewa in shiga in kwashe kwamfutoci, yarinyar kuma 'yar tsaron hanya ce. Na roƙe shi ya hau tsanin da kansa ya duba, ko ya tura wani. Na ce ya leƙa ta taga ya ga ruwan. Na ce wane ɓarawo ne ke zuwa da rana, ta ƙofar gaba, ya gaisa da maigadi? Bai saurare ni ba. Ya sa aka hau aka janyo tamfol ɗin, aka naɗe shi, ya ce shaida ce.

Muna zaune a ƙasa a ofishin tsaro ruwan ya kece. Tamfol yana naɗe a kan teburinsa, kusa da guduma. Daga inda nake ina hango rufin ɗakin zane a buɗe, ruwa na zuba ciki kamar da bakin ƙwarya. Rifkatu ta sa kanta a gwiwa tana kuka ba sauti. Ni ko kukan ban iya ba. Ba a sake mu ba sai da Baba Yohanna ya zo ya tsaya mana.

Cikin makon aka ba mu takardar dakatarwa, ni da ita, har sai kwamitin ladabtarwa ya zauna. Aka buga hotona aka manna a ƙofa, ko sunana ba a rubuta daidai ba. Maigadin da muka gaya wa ya ce bai tuna mun yi magana ba. Ban riƙe shi a zuci ba, ma'aikacin wucin gadi ne, yana da bakunan da yake ciyarwa.

Na huɗu, ba ni kaɗai abin ya cinye ba. An hana Baba Yohanna aikin reshen gaba ɗaya, an ce da haɗin bakinsa. Mutumin da ya yi shekaru a Kaura ba a taɓa jin kansa da kowa ba, yau masu kawo masa aiki sun fara ja da baya. Ka san baƙo a gari, sunansa shi ne jarinsa. Na je ba shi haƙuri, ya ce in daina, shi ya ba da tsanin da hannunsa, kuma ko gobe aka sake zai bayar. Wannan magana ta fi zagi yi mini ciwo. Rifkatu ta daina fita, tana gida tana taya uwarta suyar ƙosai. Ita ce ta fi kowa iya haɗa launi a ajinmu, duk wanda ya ga aikinta zai shaida.

Kwamitin da aka ce zai saurare mu bai zauna ba, damina ga ta tana shirin ɗaukewa. Da na bincika aka ce 'yan kwamitin suna hedikwata, kuma ba wanda ke son biyo hanyar Kaura a wannan yanayi. Ban ga laifinsu ba, rai ba shi da na biyu. Amma ni na biyo hanyar na zo har ƙofar ofishinka, kuma a shirye nake in sake biyo ta duk ranar da aka kira ni. Ko ta waya aka ce in yi bayani, zan yi. Abin da ba zan iya ba shi ne jira, domin an kusa rufe rajistar jarrabawar ƙarshe, wanda aka dakatar kuma ba ya rajista. Shekarun da doka ta ba ɗalibi ya kammala sun ƙare mini a wannan zango, saboda rufe makaranta da aka yi ta yi don rashin tsaro, ba don na taɓa faɗuwa ba. In wannan jarrabawa ta wuce ni, an kore ni ke nan ba tare da kowa ya yanke mini hukunci ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

Ka ba da umarni a buɗe ɗakin zane, ko da fasa kwaɗon za a yi, a gaban shugaban sashe da jami'in tsaro da wakilan ɗalibai. A duba rufin a ga ko akwai ƙusar da aka cire da guduma, ko iska ce ta yi aikinta. A duba kayan ciki. In aka tarar ko igiyar waya ɗaya ta ɓata ta hannuna, a miƙa ni ga 'yan sanda, ba zan ɗaukaka ƙara ba. A fitar da kwamfutocin a shanya, a kira mai gyara ya ga abin da zai ceto. Ban san ko aikina yana nan ba. Wataƙila ruwa ya riga ya ci shi. In haka ne, a ba ni kwamfuta ɗaya mai aiki da 'yan makonni, zan sake shi, domin kowane layi yana kaina.

Ka sa kwamitin ya saurare mu kafin a rufe rajista, a duk inda ya fi musu sauƙi. In ba zai yiwu ba, a ɗage dakatarwar mu rubuta jarrabawa, a riƙe sakamakon har a gama bincike.

In kuwa lallai sai an hukunta wani saboda an hau rufi ba da izini ba, to ni na hau. A bar Rifkatu ta koma aji, a mayar wa mahaifinta aikinsa da tsaninsa da tamfol ɗinsa, waɗanda har yau suna ofishin tsaro. A cire hotona daga ƙofa, in an wanke ni kuma a manna takardar wankewar a daidai wurin, ta daɗe kamar yadda hoton ya daɗe.

Sannan a turo wa sashen malamin da ya san aikin. In jami'a ba za ta iya ba, a faɗa wa iyaye gaskiya, a daina ɗaukar 'ya'yan talakawa ana koya musu kwamfuta da biro.

Akwai abu na ƙarshe da na yi ta jinkirin rubutawa, domin maganar gida ce, ba a so a kai ta kasuwa. Wani ya ɗauki hoton takardar da aka manna a ƙofa ya watsa a waya, labarin ya riga ni isa Shinkafi. Da na je, mahaifina bai amsa gaisuwata ba sai da ya kore yara daga ɗakin. Ya dube ni ya ce, "Lawali, abin da anka ce ka yi, ka yi shi?" Na ce wallahi ban yi ba. Ya ce shi ke nan, ya yarda, bai sake tambayata ba. Amma mahaifiyata ta gaya mini ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci, da an sallame sai ya sa takalmi ya wuce. Mutum ne da ya rasa gona da dabbobi bai sunkuyar da kai ba, domin duk wanda ya yi masa jaje yakan ce yana da ɗa a jami'a, ya kusa gamawa.

Yanzu ya yanke shawarar komawa Katuru. Mutanen daji sun aiko cewa mai son noma ya dawo, bisa sharuɗɗansu, kuma kowa a ƙasarmu ya san abin da sharuɗɗan ke nufi, ya kuma san aikin bautar da suke sa samari yi musu in sun koma. Mun roƙe shi, ni da mahaifiyata da Hajara, ya ce ya gaji da cin tuwon surukai yana jiran abin da ba ranar zuwansa. Da ruwa ya ɗauke zai tafi ya gyara gida ya share gona. Ya tsufa, ƙafarsa ɗaya ba ta da ƙarfi, ba zan iya barinsa ya tafi shi kaɗai ba. Abin da ya ce mini shi ne, "In sun buɗe maka ƙofa ka zamna ka ƙare karatunka, ni ma in haƙura in jira ka. In ba su buɗe ba, ka taho mu tai gida."

Zuwana na baya-bayan nan na tarar ya kai hauya biyu maƙera an gyara musu baki, ya sake musu ƙota, ya jingine su a bayan ƙofa. Ban tambaye shi ta biyun ta wane ne ba.

Ranka ya daɗe, ba ni da wani babba da zai yi maka magana a kaina. Sa hannunka ɗaya ya isa. Ina roƙonka don girman Allah, ka dube mu kafin ruwa ya ɗauke.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka mashawarta masu gaya maka gaskiya, ya tsare ka a duk hanyar da za ka bi. Allah ya raya maka zuri'a, kada ya nuna maka ranar da za a kira ɗanka da sunan da ba nasa ba. Allah ya ba Malam Istifanus lafiya inda yake, ya kawo mana zaman lafiya a Kaura da Shinkafi da Zurmi da ƙasa baki ɗaya. Amin.

Wassalam.

Ɗalibinka mai jiran hukuncinka,
Lawali Katuru,
Kaura Namoda.